Rubutu kan nau'o'in naman kaza: wace hanya ce ke raba ka da kwafin masana ba tare da ka ɓata bayani ba?

Duk wanda ya zauna zai yi rubutu kan wani nau'in naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi, zai gamu da matsalar da mai rubuta tarihi ko siyasa bai cika gamuwa da ita ba. Ko ɗalibi ne mai kundin kammala karatu, ko malamin gona mai shirya takardar wayar da kai, ko mai rubuta maƙala don jama'a, majiyoyin da zai samu kaɗan ne. Wani nau'in ma takarda ɗaya tak aka taɓa siffanta shi a cikinta. Bayanin kuma a matse yake: faɗin hula santimita kaza, launi kaza, ƙwayar iri, wato ɗaya daga ƙwayoyin ƙurar da naman kaza ke hayayyafa da ita, maikuromita kaza (maikuromita dubu ne milimita ɗaya). Sai mutum ya ga kamar babu wata hanyar faɗin abin sai yadda masanin ya faɗa, ya ɗauki jimlolinsa ɗaya bayan ɗaya yana canza kalma nan da can. A ƙarshe an dai sauya wa tuwo suna ne, rubutun na masanin ne har yanzu.

Kafin a auna hanyoyin, a fara sanin abin da yake na kowa da abin da yake na marubuci. Gaskiyar al'amari ba mallakar kowa ba ce. Cewa Amanita phalloides, wani nau'in naman kaza mai guba, tana da farar ƙurar iri, cewa masanin naman kaza Fries ya sanya mata suna Agaricus phalloides a 1821, wani masanin mai suna Link kuma ya mayar da ita cikin jinsin Amanita a 1833, duk wannan kowa na iya faɗa. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da wannan ƙa'ida a shari'ar Feist ta 1991, kuma dokokin ƙasashe da yawa a kanta suke: ana kare yadda aka faɗi abu, ba abin da aka gano ba. Abin da yake na marubuci shi ne ginin jimlarsa, siffofin da ya zaɓa ya ambata da waɗanda ya bari, kwatancen da ya kawo, da yadda ya jera hujjojinsa. Sannan haƙƙin mallaka daban, satar fasaha daban. Mutum na iya kwafar littafin da haƙƙinsa ya ƙare tun tuni, doka ba za ta taɓa shi ba, amma idan bai faɗi inda ya samo ba, jami'a ko mujalla za ta kama shi da satar fasaha. Haka kuma ambaton majiya a ƙasan shafi ba ya halatta bin jimlolinta sau da ƙafa.

Hanyar sauya kalma jimla bayan jimla

Ita ce mafi sauri, ita ce kuma mafi muni, domin tana yin akasin abin da ake so. Tana riƙe tsarin masanin, wanda shi ne ya kamata a bari, tana kuma canza kalmomin fannin, waɗanda su ne bai kamata a taɓa ba.

A bayanin naman kaza, kalmomin da suke kama da juna ba ma'anarsu ɗaya ba. Dubi haƙarƙarin da ke ƙarƙashin hula, wato siraran faya-fayen da ke fitar da ƙurar iri. Masana sun bambanta wanda bai taɓa ƙafar ba sam, da wanda ya ɗan taɓa ta da baki, da wanda ya manne da ita da dukan faɗinsa, da wanda ya gangaro a jikinta. Na Amanita galibi bai manne da ƙafa ba, na Pleurotus ostreatus da ake nomawa ya gangaro. Mai gudun kwafi da ya haɗe waɗannan duka ya ce "yana haɗe da ƙafa" ya shafe alamar da ake rarrabe jinsi da ita. Siffar ƙwayar iri ma haka. A ma'aunin da masanin naman kaza Bas ya tsara a 1969, ana raba tsawon ƙwaya da faɗinta: daga 1.00 zuwa 1.05 kewayayya ce sosai, daga 1.05 zuwa 1.15 kusan kewayayya, daga 1.15 zuwa 1.30 ta fara miƙewa, daga 1.30 zuwa 1.60 siffar ƙwai. Idan masanin ya ce kusan kewayayya, kai kuma ka rubuta kewayayya don kada kalmarka ta yi daidai da tasa, lamba ka canza, ba salo ba.

Mafi haɗari shi ne ƙananan kalmomin taka-tsantsan, irin su "galibi", "wani lokaci", "idan ta manyanta", "an ruwaito". Su ne na farko da ke faɗuwa idan ana sauye-sauye. Chlorophyllum molybdites, wadda ke fitowa a filin ciyawa bayan ruwan sama a ƙasashe masu zafi, haƙarƙarinta fari ne tana ƙarama, sai ta manyanta yake komawa kore-kore saboda ƙurar irinta koriya ce. Tana jawo amai da gudawa mai tsanani. Wanda ya taƙaita ya ce "haƙarƙarinta kore ne" ya koya wa mai karatu cewa mai farin haƙarƙari ba ita ba ce, alhali ƙaramarta kenan. Wannan kaɗai ya isa a watsar da hanyar nan.

Hanyar ɗauko magana kai tsaye cikin alamar zance

Halal ce, matuƙar an sa alamar zance, an faɗi mai maganar, an kuma taƙaita. Amfaninta yana wurare ƙalilan: inda kalmar masanin ita kanta ce hujja, kamar gajeren bayanin da ya bambanta sabon nau'i da danginsa, ko inda masana biyu suka saɓa ana son a nuna abin da kowanne ya ce, ko kwatancen wari da ɗanɗano, waɗanda hancin mutum ɗaya ne ya ji su. Jimla ɗaya ko biyu sun wadatar. Bayanin nau'i gaba ɗaya ba ya shiga alamar zance, domin a takardar kimiyya wannan sashe shi ne zuciyar aikin. Ga mai rubutu da Hausa kuma akwai ƙari: abin da ka sa a cikin alamar fassararka ce, don haka sai ka sanar cewa kai ka fassara.

Hanyar fassara

Nan ne marubutan Hausa suka fi zamewa, sau da yawa da kyakkyawar niyya. Mutum yana ganin tun da ya juya rubutun daga Turanci ko Faransanci zuwa Hausa, kowace kalma tasa ce. Ba haka ba ne. Yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka ta bai wa marubuci ikon fassarar aikinsa, kuma fassara jimla bayan jimla ita ce kwaikwayo mafi kusa da za a iya yi, tun da ba a bar komai na tsarin ba. Cewa manhajar da ke kwatanta kalmomi don gano kwafi ba lallai ta gano ba bai canza hukuncin ba.

Amma fassara tana da ƙofa a buɗe idan an duba lasisi. Mujallu irin su MycoKeys da IMA Fungus suna fitar da takardunsu a ƙarƙashin lasisin CC BY, wanda ya yarda a kwafa, a fassara, a gyara, da sharaɗin a ambaci marubuta, a nuna lasisin, a kuma faɗi cewa an yi canji. Idan ka ga SA a jikin lasisin, dole naka rubutun ya fita da irin wannan lasisi. Idan ka ga NC, ba a yarda da amfanin kasuwanci ba. Idan ka ga ND, ba ka da izinin yaɗa fassara kwata-kwata, ko da takardar kyauta ake karanta ta. A kula da wannan, domin samun takarda kyauta a intanet ba shi ne izinin juya ta ba.

Tsofaffin littattafai ma ƙofa ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, kamar yadda yake a ƙasashen Tarayyar Turai. Fries ya rasu a 1878, saboda haka aikinsa na kowa ne. Roger Heim kuwa, wanda ya kafa jinsin Termitomyces a 1942, wato naman kazan da ke fitowa a kan suri inda gara ke noma shi, a 1979 ya rasu, aikinsa na nan a kulle har ƙarshen 2049. Illar tsofaffin majiyoyi ita ce sunaye sun canza. A zamanin Fries kusan duk mai hula da haƙarƙari Agaricus ake ce masa, kuma ba a cika samun ma'aunin ƙwayar iri a bayanan lokacin ba. Sun dace da sashen tarihin suna, ba su dace a gina siffar nau'i a kansu ba.

Ko da lasisi ya yarda, fassarar bayanin kimiyya yadda yake ba ta cika yi wa mai karatun Hausa amfani ba. An rubuta shi ne don mai madubin ƙara girma, cikin guntayen jimloli marasa aikatau. Ta dace idan abin da kake so shi ne takardar da ɗalibai za su riƙa dubawa. Ba ta dace da manomi ko mai tsince-tsince a daji ba.

Hanyar jadawali da sake gini

Wannan ita ce hanyar da ta cancanci ɗaukar mafi yawan aikin, ko da ta fi cin lokaci. Dabararta ita ce a raba karatu da rubutu, a sa jadawali a tsakaninsu, ta yadda jimlar masanin ba ta da hanyar tsallakowa.

Fara da tabbatar da suna a Index Fungorum ko MycoBank, wato rumbunan sunayen naman kaza da ke intanet. Rubuta sunan da ake amfani da shi yanzu, waɗanda suka sanya sunan, shekara, da tsofaffin sunaye, domin da su za ka nemo sauran majiyoyi. Tun daga 1 ga Janairu 2013 duk sabon sunan naman kaza sai an yi masa rajista an ba shi lamba kafin ya inganta, don haka sababbin nau'o'i suna da sauƙin bibiya. Daga nan nemi majiya uku in da hali: bayanin asali, wani nazari na baya-bayan nan, da littafin jagora na yankin da kake rubutu a kai.

Zana jadawali, kowace majiya da ginshiƙinta, kowace siffa da layinta: hula, haƙarƙari, ƙafa, zoben da ke jikin ƙafa, jakar da ke lulluɓe gindinta, tsoka da canjin launinta idan an yanka, wari, launin ƙurar iri, girman ƙwaya, wurin tsiro, lokaci, yaɗuwa, masu kama da ita, ci ko guba. Dokar cika jadawalin ita ce kada gurbi ya wuce kalma huɗu ko biyar, kuma kada a sa cikakkiyar jimla. Lambobi a kwafe su daidai, har da na cikin baka. Idan ka ga an rubuta (7–)8–10(–11), ana nufin yawancin ƙwayoyin tsakanin 8 da 10 suke, 7 da 11 kuwa ƙalilan ne da suka fita gefe. Wanda ya mayar da shi "7 zuwa 11" ya faɗaɗa nau'in har ya shiga iyakar maƙwabcinsa. Kalmomin taka-tsantsan su ma a ba su alama a gurbin. Lambar shafi ta biyo kowane bayani, domin daga baya ba za ka tuna ba.

Sai ka rufe majiyoyin duka. In akwai sarari, bari ya kwana, saboda jimlar da aka karanta yanzu tana maƙale a kunne, hannu kuma ya rubuta ta ba tare da an sani ba. Idan ka dawo, tambayi kanka wa kake rubuta wa, kuma me ya fi buƙatar sani da farko. Amsar ita ce za ta ba ka tsari naka.

Ga yadda bambancin ke fitowa. Takardar kimiyya kan Amanita phalloides za ta bi daga sama zuwa ƙasa: hula santimita 5 zuwa 15, launin kore mai ratsin rawaya ko na zaitun, farin haƙarƙari da bai manne da ƙafa ba, zobe, jaka a gindi, farar ƙurar iri, ƙwaya mai komawa shuɗi-baƙi a ruwan gwaji na Melzer, sannan itatuwan da take rayuwa da saiwoyinsu. Mai rubuta wa jama'a daga jadawali zai iya farawa daga gindi: alamar da ta fi muhimmanci tana binne a ƙasa, farar jaka ce da ke lulluɓe gindin ƙafa, wanda ya yanke da wuƙa daga sama ba zai gan ta ba, don haka a tono ta gaba ɗaya. Launin hula ba abin dogaro ba ne, yana iya koɗewa har ya kusa fari. Sannan ya kawo Volvariella volvacea da ake nomawa a kan bambaron shinkafa a kudu maso gabashin Asiya, wadda ita ma tana da jaka a gindi, amma ba ta da zobe, ƙurar irinta kuma ruwan hoda ce. Kamannin nan ya jawo wa 'yan ci-rani daga yankin guba a Amurka da Ostareliya. Ya rufe da cewa gubar amatoksin da ke cikin Amanita phalloides ba ta mutuwa da dafuwa, alamunta kan jinkirta awa 6 zuwa 24, majinyaci ya ji kamar ya samu sauƙi alhali hanta na lalacewa. Babu lambar da aka taɓa, babu kuma jimlar wani a ciki.

Wani zai ce ai jerin hula, haƙarƙari, ƙafa shi ne kowa ke bi. Gaskiya ne, tsari ne na fannin baki ɗaya, bin sa ba sata ba ce, kuma a kundin jami'a ma shi ake so. Abin da ke tona kwafi shi ne a cikin kowane sashe ka zaɓi siffofin da majiya ɗaya ta zaɓa, a jerin da ta jera su, da kwatancen da ta kawo.

Hanyar nan tana da nata ramin, kuma yana da zurfi. Haɗa majiyoyi na iya zama haɗa nau'o'i biyu a ƙarƙashin suna ɗaya. Shekaru da dama ana kiran naman kazan magani na Sin da sunan Ganoderma lucidum, alhali asalin mai wannan suna daga Ingila aka siffanta shi. A 2012 aka ware na Asiya aka ba shi suna Ganoderma lingzhi. Wanda ya ɗauki ma'auni daga littafin Turai, ya ɗauki bayanin sinadarai daga takardar Sin, ya ƙera abin da babu shi a duniya. Wannan ya shafi Afirka ƙwarai, domin an daɗe ana liƙa sunayen Turai a kan samfuran da aka tsinta a nan saboda kama ta ido, binciken ƙwayar halitta kuma yana ta warware su. Maganin shi ne ƙara layi a jadawali na inda aka tsinci samfurin kowace majiya. Idan lambobi suka saɓa, kada ka haɗa su ka fitar da matsakaici. Kawo kowanne da sunan mai shi.

Hanyar siffantawa daga samfurin da ke hannu

Babu kwafi a cikinta ko kaɗan, tun da idonka ne ya gani. Ka tono da gindi, ka auna hula da ƙafa na guda biyar zuwa goma, manya da ƙanana, ka ɗauki hoto a hasken rana kafin launi ya canza. Don ganin launin ƙurar iri, yanke hular ka kifa ta a kan takarda rabi fara rabi baƙa, ka rufe da kofi, ka bar ta awanni ko ta kwana. Idan Termitomyces kake zato, haƙa a hankali ka bi doguwar saiwar da ke gangarawa zuwa gidan gara, domin tana cikin manyan alamominta. Rauninta shi ne komai ya rataya a kan ko ka gane nau'in daidai, kuma samfuri daga wuri ɗaya ba ya nuna iyakar bambancin nau'i. Ta dace da rahoton fili da kundin bincike, a gefen bayanin masana. Ba ta dace da maƙalar da ake so kowace magana ta jingina da abin da aka riga aka wallafa ba.

Idan majiya ɗaya ce tak

Sababbin nau'o'i da dama haka suke, kuma a nan jadawali ba shi da ginshiƙi na biyu da zai narkar da tsarin na farko. Mafita ita ce ragewa. Ba sai ka kawo duk abin da aka gani a madubi ba. Zaɓi siffofi uku ko huɗu da suka raba nau'in da danginsa, ka gina sakin layi a kan kwatanci da ɗan'uwansa mafi kusa, wanda galibi akwai wasu majiyoyi a kansa. Ma'aunai kuma ka zuba su a ƙaramin jadawali da ambaton majiya, domin lamba a gurbi ba ta ɗauke da salon kowa. Termitomyces titanicus, wadda Pegler da Piearce suka siffanta daga Zambiya a 1980, misali ce mai kyau: hularta na iya kai mita ɗaya a faɗi, wannan da alaƙarta da gara su ne abin da mai karatu zai riƙe, ragowar bayanin madubi kuwa a tura shi ga takardar asali. Idan takardar CC BY ce, a nan ne fassara da cikakken ambato ta fi ma'ana a kan shan wahalar sake gini.

Duba na ƙarshe iri biyu ne, kada a haɗa su a zama ɗaya. A na farko, ajiye rubutunka gefen kowace majiya ka nemi kama: jimloli uku a jere da suka bi sawun nata, kwatancen da ba naka ba, ko kalmomi biyar zuwa shida a jere da ba sunan fanni ba ne. In ka samu, kada ka gyara kalma, goge sakin layin ka sake rubuta shi daga jadawali. A na biyu, bi kowace lamba da kowace kalmar taka-tsantsan ka tabbatar ta yi daidai da shafin da ka nuna. Jimlar ci ko guba a duba ta ita kaɗai. "Ba a san ko ana ci ba", "ba ta ciwuwa saboda tauri ko ɗaci", "an ruwaito ana ci a yanki kaza", da "tana da guba" hukunci huɗu ne mabambanta. A wannan jimla ka tsaya daidai inda masanin ya tsaya, ka ambaci sunansa a cikinta, ko da kalmominka sun zo kusa da nasa.